Karkataccen Ɗinkin Mai Fitila

Ranar Litinin da safe kamfaninmu ya saki tallan shirin, minti ɗaya da rabi kacal, kuma kafin rana ta take mutum dubu arba'in sun zage ni ba tare da sun san sunana ba. Ni tela ne. Shekara talatin da ɗaya ina kan keke, takwas daga ciki a ɗakin ɗinki na wani kamfani mai shirya fina-finan talabijin, kuma ba a taɓa ce min marar zuciya ba sai ranar. Wadda ta fara faɗa kuwa 'yata ce, Auta, da ɗakinta ke kallon nawa.

Bari in faro daga tushe. Akwai wani wasan bidiyo, gem in ji 'yan zamani, wanda aka ce miliyoyin mutane sun buga. Labarin wata yarinya ne da ake kira Mai Fitila, tana ratsa ƙasar da ruwa ya cinye tana neman ƙaninta. Kamfaninmu ya samu izinin mayar da shi shiri mai dogon zango, aka ɗora min kayan jarumar, aka kuma sa na sa hannu a takarda cewa ko matata ba za ta ji daga bakina ba. Wata bakwai na yi da maganar nan a ciki, a gidan da ake hirar Mai Fitila kullum kamar wata 'yar uwarmu ce da ta yi tafiya.

Auta ba yarinya ba ce. Shekararta ashirin da shida, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ga natsuwa ga sanin ya kamata. Amma da zarar ta dawo ta ɗauki madannin wasan ta zauna gaban talabijin, ko gobara ake a kicin sai dai ta ce a jira ta haye gada. Sau shida ta buga wasan daga farko har ƙarshe. Tana da wani zaure a intanet inda masoyansa ke taruwa, mutum dubu casa'in, ita ce shugabarsu, da wani laƙabi da ba nata ba. Tun da aka ce za a yi shirin suke lissafa abin da ba za su yafe ba: kada a canza fitilar, kada a ba yarinyar saurayi, kada a sa ta yi surutu. Da ta ji kamfaninmu ne zai yi, ta tasa ni gaba da tambaya. Na ce mata teloli sun yi yawa a wurin, ni an jefa ni wani shirin kotu, rigunan lauyoyi nake ta fama da su. Ta yarda, ko kuma na ɗauka ta yarda.

Kayan jarumar ba wani abin a zo a gani ba ne. Kwat ce mai kauri, ruwan toka, mai aljihu biyu. Sai dai a zanen da masu gem suka aiko akwai wata yagewa a baya, daga kafaɗar hagu zuwa ƙasa kamar taƙi ɗaya, an ɗinke ta da jan zare. Wannan ɗinki shi ya hana ni sukuni. Ya karkace, wani taku dogo wani gajere, yadin ya tattare a tsakiya, ga ƙulli a waje yana reto. Na dube shi na sake dubawa, na ce mai zanen nan bai taɓa riƙe allura ba, Allah ya yafe masa. Ni kuwa tun ina gaban maigidana da ya koya min aiki, karkataccen ɗinki bai taɓa fita daga hannuna ba. Ko Auta tana shekara tara, da ta ɗinke min aljihun riga da ya yage, a gabanta na sa reza na warware na mayar da shi daidai, don kada hannunta ya saba da aikin banza. To balle kwat da duniya za ta gani. Na bar jan zaren yadda suke so, amma na miƙe ɗinkin ɗoɗar, taku sha biyu a kowane inci, na ɓoye ƙullin a ciki. Na rufe bakin aljihunan da 'yar kusurwa uku ta zare, yadda nake wa kowace riga. Guda uku na yi iri ɗaya, kuma har ga Allah na ji daɗin aikin.

Darakta ya zo ya duba, mai kyamara ya duba, jarumar ta sa ta juya gaban madubi. Kowa gaba ya kalla, don mutanen talabijin fuska suka sani. Babu wanda ya ce a juyo da bayanta.

Mai Guga ne ya kawo min labarin. Tsoho ne da muke ɗaki ɗaya, shi ke goge duk abin da na ɗinka, bakinsa kuma ya fi dutsen gugarsa zafi. Ya miƙo min wayarsa yana cewa in zo in ga wata mata tana yi wa wani tela wankin babban bargo, ko na san shi. Ina ganin fuskar na gane ta. Auta ce, a falonmu, har ana hango labulen da na ɗinka da hannuna. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta tsayar da tallan a daidai inda jarumar ta juya baya, ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce a cikin gem ba ka ganin fuskar Mai Fitila sai jefi-jefi, bayanta kake bi, awa sittin kana kallon kafaɗar nan. Ta ce ubanta ne ya yi ɗinkin, wani mai tuƙa kwale-kwale da bai iya allura ba, da safiyar ranar da ruwa ya tafi da shi, kuma yarinyar ta ƙi bari kowa ya gyara har ƙarshen labari. Sai ta kalli kyamara.

"Wanda ya miƙe wannan ɗinki ya iya aiki," in ji ta, "amma ba shi da zuciya."

Na mayar wa Mai Guga wayarsa, na zauna a kan kujerar keke. Ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake dubana. Shi kaɗai a kamfanin ya san Auta, tun tana zuwa kawo min abinci da kayan makaranta. Dariyar da ya taho da ita ta maƙale, ya ja wayar dutsen guga daga soket ya zauna shi ma.

Ƙarfe biyu Darakta ya aiko a kira ni. Ofishinsa cike da kofunan shayi da ba a wanke ba, wayoyi biyu suna ta ruri a kan tebur. Ya nuna min abin da ake rubutawa. Wasu sun ce ba za su kalla ba ko kyauta ne. Wasu sun ce in har an kasa ɗinki ɗaya, to me za a yi wa sauran labarin. Wani ya zana almakashi an soke shi a kan kwat, wasu kuma sun duƙufa neman sunan telan, har sun fara jero sunayen ma'aikatanmu na da. Na buɗe baki in ce shi ma ai ya duba kwat ɗin ya ce ta yi, ya yi min wani kallo, na haɗiye. Ya ce za a sake ɗaukar duk inda aka ga bayan jarumar, in kawo sabuwar kwat mai karkataccen ɗinki kafin Juma'a. Sannan ya ƙara da abin da yake gani dabara ce. Ya ce sun gayyaci matar nan mai zaure, ta kuma amsa, ranar Juma'a ƙarfe goma za ta zo har ɗakina ta ga sabuwar kwat, a ɗauke mu a kyamara ina ba ta haƙuri, a saka wa masoya su huce. Ya tambaye ni ko da matsala. Na ce babu.

Ban san yadda na kai gida ba. Na tsaya a ƙofa na fi minti biyar ina laluben mukullin da ke hannuna. Auta tana falo, mamanta na gefe tana tsintar shinkafa a faranti, ana ta labarin gayyatar. Ta ce ta nemi hutun rabin yini a wurin aiki. Ta ce ba faɗa za ta je yi ba, so take kawai ta ga idon mutumin, ta tambaye shi abin da ya ji lokacin da yake miƙe ɗinkin. Mamanta ta ce ta yi a hankali, wataƙila mutum ne mai iyali. Sai Auta ta juyo.

"Baba, ka san shi?"

Na ce mata teloli sun yi yawa a wurin. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce haka ne, na taɓa faɗa. Abincin da aka zuba min na tura shi gefe na ce cikina ne ba daɗi, kuma wannan kaɗai ne gaskiyar da na faɗa a gidan ranar.

Ba korar aiki nake tsoro ba, in faɗa muku. Tela mai hannu ba ya rasa keke. Zagin mutum dubu arba'in ma zan iya sha in kwana lafiya, ban san su ba, ba su san ni ba. Abin da nake tsoro shi ne ƙofar ɗakin ɗinkin nan ta buɗe ranar Juma'a, Auta ta shigo da kyamara a bayanta, ta tarar marar zuciyar da take nema ubanta ne, wanda kuma ya yi mata ƙarya har sau biyu. Nakan ga fuskarta a raina.

Talata na yanka sabuwar kwat na haɗa ta kafin tsakar rana, wannan ba komai ba ne. Na tsaga bayan da almakashi daidai inda zanen ya nuna, na zura jan zare a allura, na kafa zanen a gabana. A nan aka yi ta. Hannuna ya ƙi. In na ce masa ya yi dogon taku sai ya yi, in na ce gajere sai ya yi, amma in na ɗaga na duba sai in ga karkacewar ma a tsare take, dogo biyu gajere ɗaya, dogo biyu gajere ɗaya, kamar ado. Na gwada a kan ƙyalle sau tara. Na gwada da hannun hagu, ya fito da kyau fiye da na wasu telolin da na sani. Na rufe ido na ɗinka, na soki yatsa sau uku, na buɗe na ga layi ya miƙe abinsa. Na yi tsaki na jefar da ƙyallen, na zagi mai zanen, na zagi gem ɗin da wanda ya ƙirƙiro shi.

Mai Guga ya ce in kawo, ai lalata aiki ba ya buƙatar shekara talatin. Ya karɓa ya caccaka allura yadda ya ga dama, minti biyu ya gama. Muka ajiye nasa kusa da zanen. Ya karkace kam, amma ba shi ba ne, ko makaho ya shafa zai gane. Laraba na kai wa direban kamfani, na kai wa matar da ke share ɗakunan, kowa ya yi nasa yana dariya, duk ba su yi ba. Darakta ya leƙo sau huɗu, a na ƙarshe bai ma yi magana ba, agogonsa kawai ya nuna min. Can da yamma Mai Guga ya ɗauki zanen ya kai shi bakin taga ya ƙura masa ido. Ya ce ya gano inda muke kuskure. Mu duka so muke mu karkatar, shi kuwa mai kwale-kwalen nan so yake ya miƙe, iya ƙarfinsa ke nan. Ya nuna min inda aka soka allura aka zare aka sake sokawa kusa, har wuri uku. Ya ce wannan aikin wanda bai iya ba ne, amma ya damu.

Na karɓi zanen na duba wuraren nan uku. Na taɓa ganin irin wannan ɗinki sau ɗaya a rayuwata, a kan aljihun rigata.

Alhamis ban taɓa allura ba. Na zauna ina kallon agogon bango yana cin rana, duk wanda ya taɓa ƙofa sai in waiga. Ƙarfe uku na naɗe kwat ɗin na cusa a jakata tare da zare da allura. Fitar da kayan shiri daga kamfani laifi ne da ake kora a kansa, ga kuma takardar da na sa wa hannu. Mai Guga ya ga komai, ya juya baya ya ci gaba da goge rigar da ya riga ya goge. A bakin get mai gadi ya tsaya yi min hirar ciwon ƙafarsa, ni kuwa ina rungume da jaka kamar wanda ya sato kaza.

Na tarar da Auta ta dawo, ko takalmin aiki ba ta cire ba, tana zaune a falo tana rubuta tambayoyin gobe a takarda. Mamanta ta fita unguwa. Na yi ta shirya magana tun daga hanya, kalma bayan kalma, amma da na tsaya a gabanta duk suka watse. Sai kawai na zaro kwat ɗin na shimfiɗa a kan tebur, bayanta a sama, yagewar a buɗe.

Ba ta zabura ba. Ta ajiye biro, ta juya kwat ɗin, ta sa yatsa a bakin aljihu, a kan 'yar kusurwa ukun nan.

"Tun ranar Litinin nake jira ka faɗa min," ta ce. "Duk rigunan makarantata haka ka rufe aljihunsu. Kafin in ɗauki bidiyon nan na gani."

Ashe ba da mutum dubu casa'in take magana ba a bidiyon, da ni take. Na nemi kujera na zauna. Na so in yi fushi, wallahi na so, in ce wace irin 'ya ce za ta tsaya gaban duniya ta faɗa wa ubanta haka. Maimakon haka na ce mata an sa ni rantsuwa da takarda, ta ce ta sani, ba wannan ne ya dame ta ba. Na ce na yi kwana biyu ina ƙoƙarin karkatar da ɗinkin ya gagare ni, na faɗa mata abin da Mai Guga ya gano a bakin taga. Sannan na tura mata allura da zaren, na roƙe ta ta ɗinka.

Ta ce shekara goma sha bakwai rabonta da allurar ɗinki, ko maɓalli ne ya cire mata sai dai ta kai wa mamanta. Ban taɓa lura ba. Ni da nake gane an canza zare a riga daga nesa, 'yata ta girma a gidan tela ba ta taɓa allura, ban taɓa tambayar dalili ba. Ta miƙo min tafin hannu.

"Ba ni rezar da ke aljihunka tukuna."

Na zaro na ba ta. Ta sa a ƙarƙashin takardarta, ta ɗora gwiwar hannu a kai. Zura zaren kaɗai ya ci mata minti uku, ban taimaka ba. Ta fara daga kafaɗa, ta sunkuya har hancinta na kusa taɓa yadin, harshenta a gefen baki, tana iya yinta ta bi layi. Taku na huɗu ya zarce, ta zare ta sake sokawa kusa. Yadin ya fara tattarewa a tsakiya. Yatsuna suka riƙa motsi da kansu a kan cinyata, sai na zauna a kansu. Tsoro bai sake ni ba, don ban san abin da za ta ce gobe gaban kyamara ba, ban kuma san ko ɗinki na iya gyara abin da ke tsakaninmu ba.

Tana tsakiyar aikin, ba tare da ta ɗago ba, ta tambaye ni ko na tuna aljihun nan. Na ce na tuna. Ta ce wane launin zare ta sa.

Na lalubi ƙwaƙwalwata. Na tuna rigar, fara ce mai dogon hannu. Na tuna taku bakwai ne, biyu sun hau kan juna, ƙullin yana waje. Na tuna har rezar da na sa. Launin zaren kuwa babu shi, ko alama. Na ce mata ban tuna ba.

"Ja ne," ta ce. "Shi kaɗai na samu a ƙarƙashin kekenka. Tun safe nake yi, kana kasuwa."

Ta ja zaren, ta ƙulle shi a waje, ta ciza da haƙori. Ta turo min kwat ɗin. Ɗinki ne mummuna, mafi muni da ya taɓa shiga hannuna, ya karkace ya tattare, ga ɗigon jini kaɗan inda ta soki yatsa. Na ɗauko zanen zan gwada su, sai na fasa na mayar da shi jaka. Ta ɗaga gwiwar hannunta ta turo min rezar har gabana, ta zuba min ido. Na bar ta nan a kan tebur, na naɗe kwat ɗin a hankali, ɗinkin a ciki don kada wani abu ya kama zaren.